Kaluluwar Wuya ga Yara

Yau maganarmu a kan kaluluwa ce, wadda takan fito wa yara a wuya.

Allah ya halicci jikin mutum da waɗansu 'yan ƙulle-ƙulle kamar wake a wuya, da hammata, da matsematsi. Aikinsu irin na rariya ne, su tace ƙwayoyin cuta kada su bazu cikin jiki. In sun tare cuta sai su kumbura. Ashe kaluluwa ba ita ce ciwon ba, 'yar aike ce. Shi ya sa a shekarun 1930 ma'aikatan ciwon barci a ƙasar Zazzau wuyan mutane suke lalubawa, su gane wanda tsando ya sa wa cuta.

To, in kun ji ta a wuyan yaro, sai ku nemi inda aka aiko ta. Ku duba kansa, ko akwai ƙuraje, ko makero, ko kwarkwata. Ku duba kunne ko yana mugunya, da haƙori ko ya ruɓe, da maƙogwaro ko ya yi ja. In an yi maganin tushen, galibi sai ta sace cikin mako 2 ko 3.

Amma akwai iri uku da ba a jira da su.

Na ɗaya, wadda ta yi ja, ta yi zafi, ga zazzaɓi, yaro ya kasa haɗiya ko numfashi sosai. Wannan a kai shi asibiti ran nan, ko da dare ne.

Na biyu, wadda ba ta ciwo, ta wuce mako 2 tana ƙaruwa, yaro yana ramewa, yana gumi da dare. Ita ce mai ruɗin iyaye, don yaro ba ya kuka. Sau da yawa tarin fuka ne, ko da yaron ba ya tari. In an ƙyale ta sai ta fashe, ta yi ta zubar da ruwa wata da watanni. Maganinta kyauta ne a asibitin gwamnati, ana sha wata 4 zuwa 6 ba fashi. In akwai mai tsohon tari a gidan, ku taho tare da shi a auna shi.

Na uku, mai tauri kamar dutse, wadda ba ta motsi. Ita ma likita kaɗai zai gane asalinta.

Ina roƙonku, kada ku kai yaro wurin wanzami a tsaga ta, ko a yi mata ƙaho, ko a cire masa belu. Aska ba ta kai wa ga tushen, sai dai ta jawo zubar jini da sabuwar cuta. Kada kuma ku sayo kafso a kasuwa ku ɗura masa.

Ku riƙa wanke kan yara da sabulu, ku kai jariri a yi masa allurar BCG da zarar an haife shi.

Allah ya raya mana su. Sai mako mai zuwa.