Kafin A Sauya Wa Banɗaki Ko Kicin Wuri A Gidan Bene

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Da yawa daga cikinmu mazauna Kano da Kaduna da Abuja muna zaune ne a gidajen bene masu sassa, inda daɓen wani shi ne rufin wani. Idan hali ya samu, mutum kan so ya mayar da ɗakin kwana banɗaki, ko ya matsar da kicin domin falo ya yalwata. A nan ne nake roƙon mu yi hattara.

Mai zanen gini yakan jera banɗakuna da kicin-kicin wani bisa wani, domin su haɗu a babban bututu guda da ke sauka zuwa sokawe. Bututun masai, wanda faɗinsa ya kai inci 4, yana buƙatar gangare na kimanin santimita 2 a kowace mita. Idan aka nisanta masai daga babban bututun, dole a ɗaga daɓe ko a fasa dakin. Fasa dakin kan kai ga yanke rodi, yoyon ruwa kuma yakan sa rodin ya yi tsatsa har siminti ya tsage a kan iyalin da ke barci a ƙasa.

Saboda haka ne wasu ƙasashe suka kafa doka a kan wannan. A Rasha, ƙa'idar gwamnati ta 2006 ta hana ɗora banɗaki ko kicin a saman ɗakin zama na maƙwabci. A Sin, tun 2002 aka haramta mayar da ɗakin da ba a yi masa kariyar ruwa ba ya zama banɗaki ko kicin. Mu ma muna da dokar tsara birane ta 1992, da hukumomi irin su KNUPDA a Kano, da KASUPDA a Kaduna, da sashen kula da gine-gine na Abuja.

Shawarata ita ce, kafin a ɗaga guduma a nemo ainihin zanen ginin, a kira injiniya mai rajista ya duba, sannan a tuntuɓi hukuma. Ɗan haya ya karɓi yardar mai gida a rubuce, a kuma sanar da maƙwabcin ƙasa. Sabon kicin lallai ya sami taga saboda tukunyar gas. Kuɗin injiniya bai kai na gyaran rufin maƙwabci ba, balle diyyar rai.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu.