Injin Walda Da Wutar Unguwa: Jawabi A Taron Ƙungiya



Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Malam Liman, Allah ya gafarta Malam. Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayenmu dattawa, 'yan'uwa 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, barkanmu da wannan zama.

An ba mu dama mu yi magana a madadin 'yan layin ƙarfe, wato mu masu sayar da rodi da bututu da kwanon rufi, a kan wani abu da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, shi ne yadda ake jona injin walda a shaguna da gidaje. Tun farko bari mu faɗa, ba faɗa muka zo yi da masu walda ba. Cinikinmu a hannunsu yake. Ranar da ba su kunna inji ba, ƙarfenmu tsatsa kawai yake yi a rumfa. Da yawa daga cikinsu ma 'ya'yanmu ne da ƙannenmu.

Dattawan da ke nan sun san yadda abin ya faro. Tun da Janar Murtala ya sa hannu a dokar kafa wannan birni a 1976, aka kuma taso da gwamnati daga Legas a watan Disamba na 1991, gini bai tsaya ba. Kowane gida yana son ƙofar ƙarfe, da tagogi, da get, da hasumiyar tankin ruwa. Shi ya sa ko'ina ka duba, Dei-Dei ne, Zuba ne, Gwagwa ce ko Karmo, za ka ga tartsatsin walda a bakin hanya. Da rusau ya yi ƙarfi tsakanin 2003 da 2007, jama'a suka ƙara turuwa zuwa unguwannin gefe irin namu. Mutane suka ninka, shaguna suka ninka, amma wayar da ke cikin bangon shagunanmu tana nan yadda aka sa ta don ƙwan fitila biyu da fanka ɗaya.

Kun tuna abin da ya faru a layinmu a wani hunturu da ya wuce. Wani yaro, mai ƙwazo ƙwarai, ya kama shago ya kawo injinsa, irin wanda ake naɗawa da hannu. Ya jona shi a soket ɗin bango. Kullum fis ɗin katawut sai ya ƙone. Da ya gaji, sai aka ba shi shawara ya cire fis ya ɗaura jan ƙarfe mai kauri a gurbinsa. Aiki ya tafi lafiya wajen wata biyu, har yana cewa ya huta. Ran nan bayan Azahar sai muka ga ƙwan fitilar wasu shaguna ya yi haske kamar rana, na wasu kuma ya dushe. Kafin a ankara firizar mai ƙanƙara ta tafi, mai cajin waya ya yi asarar wayoyin mutane da aka ba shi amana, tela ya rasa injin surfaninsa. Allah ya kiyaye, wuta ba ta kama rufi ba. Amma an kwashe makonni ana zaman sulhu a ƙofar Sarki a kan wa zai biya: yaron ne, ko mai shagon da ya ba shi haya, ko wanda ya ɗaura jan ƙarfen? Hausawa na cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. To a sha'anin wutar lantarki wani ke ɗebowa, bakin maƙwabci ke ƙonewa.

Bayan wannan ne muka zauna da masu aikin wayarin, suka warware mana lissafin, kuma lissafi ne da ɗan kasuwa zai gane nan take, don bai wuce maganar lodi ba. Kowa ya san abin da a-kori-kura za ta ɗauka, ya san na tirela. Ita ma waya haka take. Wutar da ke shigowa shago bolt 230 ce. Soket ɗin nan mai baki uku da muke da shi, a jikin filoginsa an rubuta 13A, ma'ana amfiya 13 ce iyakarsa. In ka buga 230 sau 13, za ka sami wat kusan 3,000. Nan ya tsaya. Dutsen guga da abin dafa ruwa kaɗai in suka haɗu a kai sun cika shi.

To shi injin walda fa? In ana ƙona sanda geji 10, bakin sandar yana bukatar amfiya 100 zuwa 130. Tsohon inji mai nauyin nan, kafin ya ba da wannan, sai ya ja amfiya 25 zuwa 30 daga bango, wani lokaci fiye. In sanda ta maƙale a jikin ƙarfe kuwa, jan ya ƙaru. Ga kuma inda mu kanmu muka yi mamaki: zafin da waya ke yi ba daidai da ƙarin lodi yake hawa ba. In ka ninka lodin sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkuwa. Wato soket mai amfiya 13 da aka ɗora wa 26, zafin da yake sha ya ninka abin da aka ƙera shi dominsa har sau huɗu. Kuma ba a rana ɗaya yake nuna maka ba. Robar waya takan gasu a hankali a cikin bango ko a saman silin, ta bushe, ta farfashe, sai ran da ajalinta ya zo ta yi tartsatsi kusa da katakon rufi.

Waya mai lamba 1.5 ta fitila ce. Mai 2.5 ta soket ce, tana ɗaukar amfiya 20 da 'yan kai, gwargwadon yadda aka binne ta. Injin walda irin wancan layinsa yake so shi kaɗai, daga allon rabon wuta kai tsaye, da waya mai lamba 6, in da nisa ma mai 10, da birekarsa mai amfiya 32, ba a haɗa shi da fanka ko firij ɗin kowa ba. Babban inji kuwa na fes uku ne, sai a je a nemi layi da mitar da ta dace daga kamfanin AEDC, wanda ya karɓi rabon wuta a Abuja tun Nuwamba 2013. Masu zagaye mita su sani, ban da haramci da laifin hukuma, sun kuma cire wa kansu mai gadi guda.

A nan mu 'yan kasuwa sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Akwai wayar da ke yawo a kasuwa, a jikin kwali an rubuta 2.5, in ka feɗe ta ba ta kai ba. Akwai wadda alminiyam ce aka shafa mata launin jan ƙarfe. Kankare ta da wuƙa, za ka ga fari. Mai saye yana murna ya sami araha, mai sayarwa yana murna ya ci riba. Malam Liman yana nan, shi ya fi mu sanin hukuncin mai tauye mudu, mu dai a Islamiyya an nuna mana ba ƙaramin abu ba ne. Wannan kuwa tauye mudu ne da ke iya cin rai.

Mu koma kan fis da bireka, don a nan mafi yawanmu muke kuskure. Mukan ɗauka bireka mai yawan faɗuwa ta lalace ne. Alhali aikinta ke nan. Ba inji take tsaro ba, waya take tsaro. In ta faɗi, cewa take yi lodi ya fi ƙarfin wayar da ke bayanta. Wanda ya cire mai amfiya 20 ya sa mai 63 a kan siririyar waya, ko ya ɗaura jan ƙarfe a katawut, ya mai da wayar da ke cikin bangonsa ita ce fis. Gaskiya ne injin walda yakan fizgi wuta da ƙarfi lokacin kunnawa, har ya kada bireka ko da waya ta isa. Maganin wannan akwai shi: bireka iri-iri ce, akwai mai harafin B, da C, da D, kuma mai C ko D tana haƙuri da wannan fizgar ta ɗan lokaci ba tare da an ƙara mata lamba ba. Mai wayarin na ƙwarai ya san wannan. Hukumar NEMSA, da aka kafa da dokar 2015, tana ba masu wannan aiki takardar shaida. Ba laifi ba ne ka ce a nuna maka kafin ka ba da aiki.

Me ya ƙona kayan maƙwabtan yaron nan, alhali ba su ne suka jona inji ba? Taransifoma layi uku take fitarwa, da waya ta huɗu da ake ce wa nutural, wadda kowa ke tarayya a kanta. In aka jibga injinan walda a layi ɗaya, nutural ita ke shan wahala, musamman a wurin da ɗaurinta ya yi sako-sako. Ranar da ta tsinke, wutar ba ta da mai daidaita ta: wani shago ta faɗi ƙasa, wani ta haura ta doshi bolt 400. Abin da aka yi don 230 kuwa ba ya jure wannan. Ita kanta taransifomar tana da iyaka. Mai 300 KVA ba ta wuce amfiya 400 da ɗoriya a kowane layi, ga gidaje, ga masu niƙa, ga masu ƙanƙara. Inji goma a layi guda sun kusa cinye kashi uku cikin huɗu. A ƙa'idar hukumar NERC gyaran taransifoma nauyin kamfani ne, amma zaman duhu da zafin Abuja na watan Maris, mu da iyalinmu ke shan sa.

Sai abubuwa biyu uku da muke gani kullum a bakin hanya. Wayar komawa, wadda masu walda ke kira at, a maƙala ta a jikin abin da ake waldawa, kusa da wurin aiki. Masu jefa ta a kan rodin gini ko bututun ruwa ko ƙofar maƙwabci, wutar takan nemi hanyarta ta bi ta inda ba a zata ba. Doguwar waya in an bar ta a naɗe tana aiki, zafi take tarawa, a warware ta. Bakin inji ko ba a walda akwai bolt 50 zuwa 80 a kansa. Ga mai jiƙaƙƙen hannu da silifa a damina, wannan ya isa kisa. Sababbin ƙananan injinan nan na inbata sun fi sauƙin shan wuta, kuma a jikinsu akwai lissafin hutu: in an rubuta 60%, cikin kowane minti goma shida na aiki ne, huɗu na hutawa. Amma su ma in za a ƙona geji 10 yini guda, soket ɗin bango bai ishe su ba.

'Yan'uwa, ba sai an ba mu labarin gobarar kasuwa ba. Akwai a cikinmu waɗanda babbar kasuwar Jos ta cinye jarinsu a 2002, shi ya kawo su nan. Mun ga ta Sabon Gari a Kano a watan Maris na 2016, mun ga ta Sakkwato da ta Katsina a 2021. Ko mene ne ya tayar da wuta, in ta sami katako da katifa da fenti da iskar hunturu, ba ta tambayar shagon wa ta fara. In ta tashi daga waya, a kashe wutar daga allo tukuna, kada a watsa ruwa. Yashi ko tukunyar kashe gobara mai gari, sannan a kira 'yan kwana-kwana ko lamba 112.

Abin da muke roƙon wannan zama ya amince da shi ba shi da yawa. Duk mai shagon da zai ba mai walda haya, a rubuta a takardar haya wa zai ja layin inji, kuma a ja shi kafin a kunna. Ƙungiya ta ɗauki mai wayarin mai takarda ya zagaya ya duba katawut da allon kowa, ya kuma faɗa mana yadda za a nemi a raba injinan a kan layuka uku. Yaran da ba su da ƙarfin sayen waya mai lamba 6 lokaci guda, mu 'yan layin ƙarfe mun yarda mu tsaya musu a ba su bashi, su biya a hankali ta hannun ma'ajin ƙungiya. In an amince, za a fara zagayen ranar Asabar bayan La'asar daga layin 'yan katako, don haka kowa ya bar yaro a shago da makulli.

Ranka ya daɗe, abin da ke bakinmu ke nan.