Dashen Gashi da Tabon da Yake Bari a Kai

(Jawabin da kwamitin lafiya ya gabatar a taron 'yan'uwa mazauna Nguru da Gashuwa)

Shugaban taro, iyayenmu sarakunan Hausawa, malamanmu, sarakunan aska da ke zaune tare da mu, iyaye mata, da sauran 'yan'uwa da suka taso daga Hausari da Bulabulin a Nguru, da na Zango da Sabon Gari a Gashuwa, muna yi muku barka da zuwa, da fatan kowa ya baro gida lafiya.

An ɗora mana nauyin yin bayani a kan dashen gashi. Mun sani wani zai ce a ransa, ga ciwon ƙoda ga zazzaɓin cizon sauro, sai a tara mu a kan maganar sanƙo? Yana da gaskiyarsa. Amma 'yan kasuwarmu masu zuwa saro kaya Istanbul da Alƙahira da Dubai suna ganin asibitocin wannan aiki, samarinmu kuma suna ganin tallarsu a Facebook da TikTok, har sun fara tambayarmu. Tambayar tasu kuwa ba ta wuce biyu: nawa ne kuɗin, kuma yaushe gashin zai fito? Ta uku, wadda ta fi su muhimmanci, ita ce ba a yi: wane irin tabo aikin zai bari, kuma yaya fatar mutum za ta warke bayan ya dawo gida? A kanta za mu tsaya yau.

Manoman fadama sun riga kowa sanin dashe. Ana yafa irin albasa ko tattasai a fangali, in ya tasa a cire a kai wani wuri. To, haka likita yake yi da gashi. Yana ɗebo saiwar gashi daga ƙeya da gefen kai, inda sanƙo bai cika ci ba, ya dasa a gaban goshi ko tsakiyar kai. Wani likitan Japan mai suna Shoji Okuda ya rubuta bayanin wannan aiki tun 1939, sa'an nan a 1959 Norman Orentreich na birnin New York ya nuna cewa saiwar da aka ɗebo daga ƙeya tana riƙe halinta na ƙin zubewa ko an canja mata wuri. Sai dai akwai bambanci guda da aikin fadama. Manomi yana iya sake yafa iri baɗi. Kan mutum kuwa, inda aka cire saiwa an cire ke nan har abada, tabo ne zai maye gurbinta. Wato ba a ƙara wa mutum ko sili ɗaya, rarraba abin da yake da shi kawai ake yi.

Hanya biyu ake bi. Ta farko, a yanko tsirin fata daga ƙeya, tsawonsa kamar taƙi guda, faɗinsa santimita 1 ko fiye kaɗan, a ɗinke wurin, a rarrabe saiwoyin a dasa. Wannan yana barin tabo miƙaƙƙe daga bayan wannan kunne zuwa wancan. Ta biyu, wadda ta bazu bayan 2002, ita ce a riƙa cirar saiwa ɗai-ɗai da wani ɗan ƙarfe mai rami wanda bakinsa bai cika wuce milimita 1 ba. Ita ce masu talla suke kira "aiki marar tabo". Jama'a, wannan zance ne na kasuwa. Wanda aka cire masa saiwa 3,000 an yi masa huda 3,000, kowace kuma za ta warke ta bar ɗigo. A jikin farar fata ɗigon yana sajewa. A baƙar fata sau da yawa yakan fito da haske, in kuma an kwashi saiwa fiye da kima, sai ƙeyar ta koma kamar tufar da asu ya ci.

Ga wani abu kuma da ya shafe mu musamman. Gashinmu murɗaɗɗe ne, kuma murɗewar ba a waje kaɗai take ba, saiwar ma a lanƙwashe take a cikin fata. Ƙarfen kuwa miƙe yake shiga. Likitan da hannunsa ya saba da gashin Turawa da Larabawa kawai yana iya datse saiwoyi da yawa, ya bar rami ba tare da ya sami abin dasawa ba. Saboda haka duk mai niyya ya nemi a nuna masa hotunan baƙaƙen mutane da likitan ya yi wa aiki, kuma hoton ƙeya bayan aski, ba na gaban goshi kaɗai ba. Ya kuma tambaya, wa zai riƙe ƙarfen? Domin a wasu wuraren likita yana leƙowa ne ya zana layi ya fita, yaransa su ƙarasa.

Me ya sa muka nace a kan hoton ƙeya bayan aski? Domin Bature yana barin suma ta rufe masa tabo, mu kuwa mutanen aska ne. Tun ranar suna ake fara yi mana aski, da yawanmu ƙwal-kwabo muke yi duk mako ko mako biyu, in Allah Ya kai mutum Hajji ko Umra kuma ga askin sauka daga harami a gaban dubban jama'a. Tabon da suma za ta ɓoye a Ingila, a nan Nguru tallarsa za a yi da zarar an tuɓe hula.

Yanzu sai babbar maganar, wato irin fatar mutum. Akwai tabon da ke tasowa ya yi tudu amma ya tsaya a iyakar ciwon, kuma a hankali yakan kwanta. Akwai kuma wanda likitoci ke kira kiloyid, tabo mai toho, wanda ke ƙetare iyakar ciwon ya ci gaba da girma, ga tauri, ga ƙaiƙayi, wani lokaci har da zogi. Ya fi samun baƙar fata, yana bin jini a cikin dangi, kuma ya fi son fatar kunne da ƙirji da kafaɗa da haɓa. Ba ya fitowa nan take, yana iya ɗaukar wata 3 har zuwa shekara kafin ya nuna kansa, lokacin da mutum ya daɗe da dawowa gida, likitan da ya yi aikin kuma yana wata duniya. Gaskiya a faɗe ta, fitowarsa a kai bayan dashe ba ta da yawa. Amma wanda ya faɗa wa, ya faɗa masa, don yanke shi kaɗai ba ya magani, yawanci dawowa yake yi, wani sa'in ya fi na da. Sai an haɗa da allurar da ake yi a cikin tabon wata bayan wata, ko gashi da na'ura bayan tiyata.

A nan mu muna da wata sa'a da mutanen wasu ƙasashe ba su da ita. Tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930, iyayenmu suka biyo shi da fataucin gyaɗa da ƙaro da fatu da ƙiraga, wanzamai suka biyo su da zabirarsu. Kusan kowane dattijo a nan aska ta taɓa shiga jikinsa: ko shasshawa, ko bille, ko tsagar magani a ciki, ko ƙaho a gadon baya. Masu masaukinmu Mangawa da Badawa su ma suna da nasu zanen. Mata ga hujin kunne, yara ga lambar rigakafi a dantse. Duk waɗannan shaida ce a rubuce ta yadda jikin mutum yake warkewa. Kafin ka sayi tikitin jirgi, tuɓe riga ka duba, ka sa a duba maka bayanka inda aka yi ƙaho, ka dubi kunnen mahaifiyarka da na 'yan'uwanka mata. In tabo ya kwanta sumul, alhamdu lillahi. In akwai inda ya yi toho, faɗa wa likita tun kafin ya tambaya. Likitan kirki zai hana ka, ko kuwa ya dasa 'yan saiwoyi kaɗan na gwaji ya ce ka dawo bayan watanni a gani.

Sai a shafa ƙeya kuma. Kun san ƙurajen nan masu tauri da ke fitowa a ƙeyar samari bayan aski, su yi ta ƙaiƙayi, bakin hula yana gogarsu, har su haɗe su zama tudu guda babu gashi. Wannan cuta ce da ta fi kama baƙaƙen maza, kuma tana zaune ne daidai wurin da za a ɗebo saiwa. Mai ita bai kamata ya kai kansa ga dashe ba sai likitan fata ya gani. Haka wanda makero ya ci wa kai tun yana yaro har ya bar masa fili. Ana iya dashe a kan tabo, amma jini bai wadata a wurin ba, saiwar ba ta kamawa kamar a lafiyayyar fata.

Iyaye mata, ku ma akwai naku. Kitso mai tsauri da ake ja har sai gira ta ɗaga, da man miƙar da gashi, suna cinye gaban goshi. In an sassauta da wuri gashin yana dawowa, in an daɗe saiwar tana mutuwa. Akwai kuma zubar gashi da ke farawa daga tsakiyar kai tana faɗaɗa, wurin ya yi santsi yana ƙyalli. Wannan cuta ce mai cin saiwa, in aka yi dashe tana kan ci, to, kuɗi da saiwa duk sun tafi a banza.

Wanda ya riga ya yi, ko ya ƙudura sai ya yi, ya sani cewa aikin wuni ɗaya ne, amma jinyar a nan gida za a yi ta. A kwanakin farko goshi yakan kumbura har kumburin ya sauko idanu, wannan ba abin tsoro ba ne. Saiwar ba ta gama kamawa sai wajen kwana 10, kafin nan ko susa na iya tumɓuke ta. Ɓawon ciwon yana zuba da kansa cikin mako 2, kada a ɓamɓare. In an yi ɗinki, ana cire zare tsakanin kwana 10 zuwa 14. Bayan 'yan makonni gashin da aka dasa zai zube, hankalin mutum ya tashi, alhali saiwar tana nan. Sabon gashi yana fara tsirowa a wata na 3 ko na 4, ba a kuma yanke hukunci sai shekara ta zagayo. Tabon ma haka, yana shekara ko fiye yana canja kama, kuma ko ya warke sarai ƙarfinsa ba ya wuce kashi 80 cikin 100 na fatar asali.

Ku auna wannan da garinmu. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, gumi yana tsiyaya a kan ɗanyen ciwo. Da hunturu ga ƙura. Mai kasuwar kifi, da mai lodi a tasha, da mai hawa babur da rana tsaka, kowa ya yi lissafin kwanakin da zai iya zama a inuwa. Zanna-bukar mai kama kai da rawani sai a ajiye su har likita ya ba da izini. Batun shafar kai a alwala da goga goshi a sujada kuwa, malamai suna nan, shari'a ta yi wa mai rauni sauƙi, a tambaye su tun kafin tafiya. Don Allah kada a shafa toka, ko man shanu, ko garin magani, ko a fasa kafso a barbaɗa a kai. Mai ciwon suga ya daidaita shi tukuna, mai shan taba ya ajiye ta, don duka biyun suna jinkirta warkewa. Mutanen Gashuwa kuma, da ku muke musamman: kun san yadda ciwon ƙoda ya addabi yankin Bade, to, magungunan kashe zogi irin su diclofenac da ibuprofen suna wahalar da ƙoda, kada a saye su a kemis a yi ta sha ba tare da an auna ba.

In aka ga mugunya, ko wari, ko zazzaɓi, ko zogin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ko wani wuri a fatar ya yi baƙi ƙirin, ba lokacin aika hoto ta WhatsApp a zauna jiran amsa daga Istanbul ba ne. A tafi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ko babban asibitin Gashuwa a ranar, da takardun aikin a hannu. In abin na likitan fata ne, za a tura mutum Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Maiduguri.

Roƙonmu ga sarakunan aska shi ne, ku ne kuke ganin ƙeyar mutane, wadda su kansu ba sa gani. In kun ga ƙurajen nan sun fara, ku faɗa wa mai su, ku ɗaga aska daga wurin, ku rage gashin da almakashi. Reza kuma kowane kai da tasa sabuwa, kilifa a wanke ta tsakanin kai da kai.

Shugaban taro, a nan za mu dakata. Mai tambaya ya ɗaga hannu, wanda kuma yake jin nauyin tuɓe hula a gaban jama'a ya same mu a ɗakin baya bayan an yi sallar La'asar.