Jawabi Kan Girgizar Ƙasa Da Iskar Bazara



Da yawa a cikinmu mun taso da ganin cewa girgizar ƙasa abin Japan ne ko Turkiyya, sai dai mu ji a rediyo mu ce Allah Ya kyauta. To, a ranar Lahadi 11 ga Satumba 2016, ranar hawan Arfa, ƙasa ta motsa a Kwoi, hedikwatar ƙaramar hukumar Jaba, nan kusa da mu. Ta sake motsawa ran Litinin, ranar Babbar Sallah. An ji ta har Nok da ƙauyukan kewaye. Bangwaye sun tsattsage, mutane suka fice waje cikin firgita. Mu da ke zuwa can sayen citta mun san garin, mun san mutanen. Masana na cibiyar Toro a Jihar Bauci sun ce ƙarama ce. Shekara biyu bayan haka, a Satumba 2018, aka ji irinta a Mpape ta Abuja.

Kuma abin ba sabo ba ne a Afirka ta Yamma. A Yuni 1939 girgiza ta rushe gidaje a Ankara, birnin bakin teku inda 'yan'uwanmu Hausawa suka kafa zanguna, an kuma rasa rayuka. A Disamba 1983 ta kashe ɗaruruwan mutane a arewa maso yammacin Gini. Dalilin da masana ke bayarwa shi ne akwai tsofaffin tsagu a cikin dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa. Idan nauyi ya taru a kansu sai su goce, abin da ke sama ya girgiza. Wannan bai saɓa wa imaninmu ba. Allah ne Mai yi, kuma Shi Ya halicci sababi.

Amma jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya. Abin da ya fi yi mana ɓarna a Kafanchan ba girgiza ba ce, iskar farkon damina ce, wadda ke zuwa da hadari wajen Afrilu da Mayu. Kwano ya tashi, ruwa ya zuba kan buhunan citta da masara, jarin shekara ya tafi a dare ɗaya. Kuma maganin biyun kusan ɗaya ne, wato gini mai ƙwari. Mu ne ke ce wa mai buga bulo ya ƙara yashi don buhun siminti ya yi auki. Mu ne ke hana magini zuba linta ta zagaye gida saboda tsadar rodi. Sai kafinta ya ɗora katako a kan bango ba tare da ya ɗaure shi da ƙarfe ba, mu kuma mu jera duwatsu a kan kwano mu ce an gama. Ɗan kasuwar da ba ya yarda a yi masa algus a mudu, ga shi yana yi wa ɗakin 'ya'yansa!

Saboda haka muna roƙon abu biyu. Kafin ƙarshen Maris a zagaya da magini da kafinta a duba rufin masallatanmu da makarantun Islamiyya, domin nan yara ke taruwa. Sannan a ware asusun gaggawa dabam da kuɗin biki da na ta'aziyya. Idan kuwa abu ya sami maƙwabtanmu, Jaba ne ko Bajju ko Fantswam, a naɗa wakilai su je jaje da abin hannu tun a makon farko, kada a jira sai an haɗu a kasuwa.

Mun bar wa sakatare maganar asusun ya sa a ajandar taro mai zuwa.