Bashin Manyan Ayyuka da Haƙƙin Mai Gona

Ina neman izinin Dagaci, ransa ya daɗe, da Malam Liman da sauran iyayenmu dattawa, in yi bayani a kan wata mas'ala wadda talaka ke ɗauka ta fi ƙarfinsa, alhali kuwa da guminsa ake biyan kuɗinta.

Duk wanda ya raka maniyyaci filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ya ga sabon ginin da aka yi, to, ginin nan ɗaya ne daga cikin guda huɗu, tare da na Legas da Abuja da Fatakwal, waɗanda gwamnatin tarayya ta ciwo bashin dala miliyan 500 daga bankin Exim na ƙasar Sin a 2013 domin a gina su. Tashar jiragen ruwa ta Lekki kuwa, wadda aka buɗe a Janairun 2023 bayan ta ci kimanin dala biliyan ɗaya da rabi, tsarinta dabam ne, domin kamfanonin Tolaram da China Harbour ne suka zuba mafi yawan jari, aka ba su yarjejeniyar shekara 45 su riƙa karɓar kuɗin sauke kaya. Bashi na farko daga baitulmali za a biya shi, kuma da dala, wadda ta fi naira ƙarfi. Kuɗin tashar Lekki kuwa ɗan kasuwa ke biya a tasha, sa'an nan ya ɗora a kan turmin atamfar da kuke saye a Kantin Kwari.

Ban ce bashi aibu ba ne. Tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, idan ta yi aiki yadda ya kamata, mai riɗi da mai zoɓo za su ga amfaninta. Sai dai abin da aka ciwo da sunanmu, wajibi ne mu tambayi wakilanmu nawa ne, kuma yaushe za a gama biya.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne ƙasa, domin irin waɗannan ayyuka gonaki suke ci. Dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta kuma ba shi ikon karɓar ta saboda maslahar jama'a, diyyar da ta tanada kuwa ta abin da ke kan ƙasar ce, wato gini da rijiya da itatuwa da amfanin gona. Saboda haka ranar da ma'aikata suka zo ƙididdiga, kowa ya tsaya a gonarsa da kansa, a lissafa ɗorawa da kuka da mangwaro a gabansa, ya nemi kwafen takarda, kada kuma ya dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta masa ba. Dillalai sukan riga ma'aikata isowa, su saye gonaki da araha, domin sun ji labari tun kafin mu ji.

Ina roƙon Malam Liman da masu unguwanni, duk gonar gado da ba a raba ba, a rubuta sunayen magada tun yanzu, har da mata da marayu, a ajiye takardar a wurin Dagaci. Mai tambaya ya ɗaga hannu.