A Ba Talaka Kujera a Motar Sintiri

Jawabi ga mutanen bakin iyaka, Disamba 2020

Iyayenmu sarakuna da masu gari, malamai, mata iyayen gida, manoma da makiyaya, matasa ƴan kabu-kabu, ƴan kasuwa masu cin Jibiya da Illela, muna gaishe ku, muna yi muku sannu da haƙuri.

Maganar da muka zo da ita yau maganar dare ce. Kun fi kowa sanin yadda dare ya koma daga Ƙonni zuwa Bangi, daga Gidan Runji zuwa Gabi da Ɗan Isa. Tun shekarar 2019 dubun-dubatar ƴan uwanmu na Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako gudun ceton rai, kuka raba hura da rumbu da su. Ƴan bindigar da suka koro su ba su san iyaka ba. Su fito daga daji, su kore shanu, su ɗauki mai gida ko matarsa, sai dangi sun sayar da gona kafin a karɓo mutum. A watan Agusta na wannan shekarar ta 2019 kuma Najeriya ta rufe iyakarta. Kasuwa ta kwanta, hanyoyin daji suka cika da babura, har ya zama in ka ji ƙarar babur da tsakar dare ba ka san ko mai ɗaukar shinkafa ba ne ko mai ɗaukar mutane.

Masu sintirin nan, ɗan sanda a cikin gari, jandarma a karkara, da gardi da soja, ɗiyanmu ne. Wasu sun bar ransu a bakin aiki, Allah ya jiƙansu. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A garuruwa da yawa, in motar sintiri ta ɓullo, talakan da bai yi laifin komai ba shi ne farkon mai neman lungu. Ya saba a tsayar da shi a shinge, takardunsa cikakku, amma sai ya ajiye dala ɗari ko jika guda, babu rasiɗi. Wanda aka yi wa haka da safe, in ya ga baƙin fuska suna sayen burodi da mai fiye da ƙima da marece, ba zai taka zuwa komisariya ya faɗa ba. Iyakarmu da Najeriya ta kai kusan kilomita 1,500. Ko motoci nawa aka sayo, ba su iya tsare ta in mutanen da ke zaune a bakinta sun kama bakinsu.

Shi ya sa muka kawo muku wannan shawara: a yi doka da za ta ba ɗan ƙasa damar shiga motar sintiri, ya zauna, ya ga aikin da idonsa, ya dawo ya ba da shaida. Gani ya kori ji.

Abin ba sabo ba ne a duniya. A Amurka birane da yawa suna yin sa. Mutum ya je ofishin ƴan sanda ya cika takarda, a duba ko yana da laifi a kansa, ya sa hannu cewa ya san akwai hatsari kuma ya yarda. Sai a ba shi rana. Ya zauna kusa da ɗan sanda na ƴan awoyi, wani lokaci har ƙarshen aikin wannan rana. Ba ya riƙe makami, ba ya sa baki in ana kama mutum, ba ya fita daga mota sai an ce ya fita. Ɗalibai suna zuwa, ƴan jarida suna zuwa, kansilolin gari suna zuwa, da duk wanda ke son sanin inda harajinsa ke tafiya.

Akwai darasi biyu da za mu ɗauka daga can kafin mu kwaikwaya. Na farko, a shekarar 1999 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan wasu jami'ai da suka shiga gidan mutane da asuba neman wani, tare da ƴan jarida masu ɗaukar hoto. Kotun ta ce shigar da baƙo cikin gidan mutum a irin wannan aiki ya saɓa wa tsarin mulki. Ke nan ɗan rakiya yana da iyaka, kuma iyakarsa ƙofar gida ce. Mu da muke da zaure da shamaki, mun fi kowa gane wannan. Na biyu, rakiyar da ba ta da inda ake kai rahoto yawon buɗe ido ce kawai. Duk da wannan al'ada tasu, a ranar 25 ga Mayu na bana wani ɗan sanda a birnin Miniyafolis ya danne wuyan wani baƙar fata mai suna George Floyd da gwiwa har ya mutu. Abin da ya hana a binne maganar shi ne wata yarinya mai shekara 17 da ta tsaya ta ɗauki abin da wayarta. Idon shaida yana da ƙarfi, muddin abin da ya gani ya isa inda za a yi aiki da shi.

Ingila ta ɗauki wata hanya da ta cike wannan giɓi. Bayan tarzomar unguwar Birikston a Landan a 1981, alƙalin da ya yi bincike, Lord Scarman, ya ba da shawarar a bar mutanen gari su riƙa shiga ɗakunan da ƴan sanda ke tsare mutane. A 2002 abin ya zama doka. Mutum biyu ne ke zuwa tare, ba tare da sun sanar ba, dare ko rana. Su tambayi wanda ke tsare ko ya ci abinci, ko an taɓa shi, ko an sanar da danginsa, su rubuta, a kai rahoton sama.

Ga yadda muke so a haɗa waɗannan biyu a nan, daidai da halin da muke ciki.

Kowace ƙaramar hukuma ta bakin iyaka ta kafa kwamitin shaidu. Majalisar kansiloli da sarakuna su tsara zaɓen, amma kowane rukuni shi zai fitar da nasa: manoma, makiyaya, mata, matasa, ƴan kasuwa, direbobi da ƴan kabu-kabu, malamai. Bahaushe, Bafillace, Buzu, kowa da kujerarsa. Wanda ke riƙe da muƙami a jam'iyya, ko tamu ce, ba ya shiga. Wa'adi shekara guda, sai a sake, don kada wani ya mayar da abin sana'a ya saba da masu kaki har idonsa ya rufe.

Mutum biyu ne za su shiga mota tare, kuma ƙuri'a ce za ta fitar da ranar kowa. Aikinsu kallo da rubutu: ƙarfe nawa aka tashi, ina aka bi, mutum nawa aka tsayar, an karɓi kuɗi, an ba da rasiɗi, wa aka kama kuma a kan me. Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami, ko ya faɗa a rubuta masa a karanta masa kafin ya dangwala. Haka kuma su sami damar leƙa ɗakin tsare mutane a komisariya da birgad ɗin jandarma ba tare da sanarwa ba. Dokar ƙasarmu ta ce a laifi na yau da kullum ba a riƙe mutum a can fiye da awa 48 sai da izinin alƙali mai gabatar da ƙara. Mutum nawa ne a ƙauyukanmu suka san haka? In akwai mai zuwa ya duba littafi ya ƙirga awoyi, dokar za ta sauko daga takarda ta yi aiki.

Duk bayan wata uku a karanta rahoton a zaman majalisar ƙaramar hukuma, a bainar jama'a, da Hausa da sauran harsunan wurin, komishina da kwamandan jandarma suna zaune su ba da amsa. Kofi ɗaya ya tafi wurin alƙali mai gabatar da ƙara, ɗaya wurin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, in maganar cin hanci ce a aika wa hukumar HALCIA.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne gaɓar. Ɗan rakiya ba ya riƙe bindiga, ba ya riƙe adda ko gora, ba ya kama kowa, ba ya nuna gidan kowa. Mun san a cikinku akwai waɗanda haƙurinsu ya ƙare, suna cewa a bar mu mu ɗauki makami mu kare kanmu. Wanda aka ɗauke wa ɗiya ba a ganin laifinsa in ya faɗi haka. Amma ku dubi Zamfara. Ƴan sa-kai sun tashi ne don maganin ɓarayin shanu. Da tafiya ta yi nisa, sai aka koma kama Bafillace a kasuwa a kashe shi ba shari'a, danginsa su shiga daji su dawo da ramuwa a kan ƙauye sukutum. Mutanen da kuka sauka a gidajenku, wannan wutar ce ta koro su. Ku dubi Burkina Faso. A farkon Janairu na 2019, bayan ƴan bindiga sun kashe mai garin Yirgu, ƴan banga da ake kira Kogliweyogo suka far wa rugagen Fulani. Gwamnati ta ce mutum 49 suka mutu, ƙungiyoyin farar hula suka ce sun haura 200. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Makami ya tsaya a hannun wanda doka ta ba shi, shi kuma idon jama'a ya tsaya a kansa.

Za ku ce, wanda aka gani cikin motar jandarma ai ya zama abin farauta, za a ce shi ke kai rahoto. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma mun yi lissafi da shi. Babu wanda zai yi rakiya a ƙauyensu ko a cikin danginsa. Za a fara da sintirin cikin gari, na ranar kasuwa, da shingayen manyan hanyoyi. Farautar ƴan bindiga a dajin Baban Rafi da makamantansa aikin masu kaki ne su kaɗai, babu farar hular da za a kai can. Kwamandan yana da ikon cewa yau ba a ɗaukar kowa, amma sai ya rubuta dalili a littafi. Wanda ya ji rauni a bakin wannan aiki, magani da diyya suna wuyan gwamnati. Kuma ba a tilasta wa kowa.

Ku kuma ɗiyanmu masu kaki, mun san wannan takarda za ta iso hannunku. Jami'in da ke aikinsa tsakani da Allah shi ne farkon mai cin riba. Yau in aka yi masa ƙazafi, ba shi da mai shaidarsa. Gobe yana da mutum biyu da suka ga abin da ya faru. Shaidun nan za su ga abin da ba a faɗa a rediyo: motar da aka kira da dare ba ta da mai, tayar da ta suɗe, mutum ƙalilan da aka ɗora wa garuruwa barkatai, jami'in da ya kwana a shinge ba ruwan sha. A bana kowa ya ji abin da binciken kuɗin sayen kayan yaƙi ya tono a ma'aikatar tsaro: farashin da aka kumbura, da kayan da aka biya ba su iso ba. Ƙaramin jami'i ba shi da bakin yin ƙorafi, horon aikinsa ya hana shi. Manomi da mai sayar da ƙosai suna da baki, kuma in suka tashi a gaban majalisa suka ce mun shiga motar, mun ga babu mai, dole a faɗa mana inda kuɗin man ya shiga.

Kuɗin da wannan tsari zai ci kaɗan ne: littafi, alƙalami, ɗan horo na kwana biyu ko uku, da kuɗin abinci da na mota ga wanda ya bar gonarsa. Abin da yake buƙata da gaske shi ne shugabannin da ba su tsoron a gani. Magajin gari ba shi ke ba ɗan sanda ko jandarma umarni ba. Ƴan sanda da gardi suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, jandarma suna ƙarƙashin ma'aikatar tsaro. Saboda haka sai majalisar dokoki a Yamai ta yi doka, gwamnati ta ba da umarni, sannan ƙananan hukumomi su kafa kwamitoci. Kowane zaɓe da ke gabanmu yana da hannu a cikin maganar nan: na kansiloli ranar 13 ga Disamba, na shugaban ƙasa da ƴan majalisa ranar 27.

Waɗanda ke kan mulki sun yi kusan shekara goma. Kun ga abin da suka yi, kun ga abin da suka bari. Mu mun rubuta namu alkawarin a takarda, da harshenku, don ku ajiye ku tuhume mu da shi. Duk ɗan takarar da ya zo ƙofarku neman ƙuri'a, namu ko na wasu, ku tambaye shi a gaban mutane: ka yarda talaka ya shiga motar sintiri ya ga aiki? Ka yarda a karanta rahoton a bainar jama'a? Ku riƙe amsarsa har ranar zaɓe.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a majalisa, a tasha, a bakin rijiya, a ruga. Ku adana katinku na zaɓe, ku fito da wuri, ku fito da iyalanku, ku yi zaɓe cikin lumana. Allah ya tsare garuruwanmu, ya kuɓutar da waɗanda ke hannun ƴan bindiga, ya mayar da baƙinmu gidajensu lafiya, ya ba Nijar zaman lafiya mai ɗorewa. Amin. Wassalamu alaikum.