Sabon Aiki Ya Samu: Yaushe Ma'aikaci Zai Miƙa Takardar Ajiye Tsohon?

Shirinmu na yau ya shafi ma'aikacin da Allah ya buɗa masa wata ƙofa, aka kira shi a waya aka ce ya ci intabiyu, an ɗauke shi. Murna ta cika gida, uwargida ta rangaɗa guɗa, shi kuwa gogan hannunsa har ƙaiƙayi yake yi ya rubuta takardar ajiye aiki. To, a wace rana ya kamata takardar nan ta isa teburin shugabansa?

Ba ranar da aka buga wayar ba. Albishir ta waya ko ta WhatsApp magana ce kawai, kuma wanda ya faɗe ta yana iya barin kujerarsa gobe. Abin da ma'aikaci zai jira shi ne takardar ɗaukar aiki mai sa hannu, wadda ta fayyace muƙami da albashi da ranar kama aiki. Ita ma sai ya karanta ta da idon basira, domin da yawa suna zuwa da sharaɗi a ƙasa: sai an tantance takardun makaranta da na bautar ƙasa, sai likita ya duba lafiya, sai an kawo masu tsaya masa, sai an tuntuɓi wuraren da ya taɓa aiki. Bankuna da manyan kamfanoni ba sa wasa da waɗannan. Muddin sharaɗi ɗaya ya rage, aikin bai zama nasa ba. Hausawa na cewa ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

Dalilin wannan taka-tsantsan yana cikin shari'a. Tun a 1960, a shari'ar Benson da Onitiri, kotun ƙoli ta Najeriya ta nuna cewa ajiye aiki haƙƙin mai ajiyewa ne, ba ya jiran amincewar kowa, kuma takardar tana fara aiki daga lokacin da ta isa hannun wanda aka aika wa. Wannan gata ne ga ma'aikaci, ba mai ɗaure shi a inda ba ya so. Amma kuma idan takardar ta shiga, janye ta sai da yardar mai gida. Wanda ya miƙa ranar Litinin, sabon wurin ya fasa ranar Laraba, ba shi da ikon komawa kujerarsa, sai dai roƙo.

Fasawar kuwa tana faruwa, har a manyan kamfanonin duniya. A watan Yunin 2022, kamfanin Coinbase na Amurka, mai hada-hadar kuɗin kirifto, ya sanar da janye tayin aiki daga mutanen da suka riga suka amsa, bayan kasuwarsa ta faɗi. Wasunsu sun riga sun yi sallama da tsohon wurin aikinsu. Kamfanin ya yi musu alkawarin kuɗin sallama, kuma tayin da ke rubuce ne shaidar kowannensu cewa an ɗauke shi. Takarda ba ta hana ƙaddara, amma mai ita yana da abin nunawa, a ofis ko a gaban Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya danƙa wa shari'o'in ƙwadago a Najeriya.

Idan kuma sharuɗɗa sun cika, ya sa hannu, an tsayar da rana, to jinkiri ya zama laifi. Nan ne lissafi ke shigowa.

Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya tsara wa'adin sanarwa gwargwadon daɗewar mutum a aiki. Wanda bai wuce wata uku ba, kwana ɗaya. Wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako ɗaya. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Shekara biyar ko fiye, wata guda. Sanarwar da ta kai mako ɗaya dole ta zama a rubuce, kuma ranar da aka miƙa ta ba ta shiga cikin ƙirga. Sai dai dokar ta fi shafar masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis. Manajoji da ƙwararru, irin su injiniya ko akanta, abin da ke cikin yarjejeniyarsu ne ke aiki a kansu, kuma sau da yawa wata ɗaya ne, wani lokaci uku. Masu sauraronmu na zangon Kumasi da Ankara kuwa, dokar ƙwadagon Ghana ta 2003 ta ce wata guda idan kwantiragin ya kai shekara uku, mako biyu idan bai kai ba.

A ɗauki misalin magatakarda da ya shekara uku a wani kamfani a Bompai, sabon wurin ya ce ya zo ranar 1 ga Yuni. A doka mako biyu ne a kansa. Amma idan takardar da ya sa wa hannu ranar da aka ɗauke shi ta ce wata guda, to ita zai bi, kuma sanarwarsa ta shiga kafin Afrilu ya ƙare. Shi ya sa tsohuwar takardar nan, wadda yawanci ke ƙasan akwati, ya kamata a zaro ta tun kafin a amsa wa sabon wuri ranar zuwa. Idan lokaci ya ƙure, doka ta yarda a biya albashin kwanakin a madadin sanarwa, ko mai gida ya yafe. Mafi sauƙi dai shi ne a nemi sabon wurin ya ɗaga ranar. Wurin kirki ba ya jin haushin wannan, domin ya ga irin rabuwar da za a yi da shi wata rana.

Akwai kuma abin da doka ba ta rubuta ba. Malamin makarantar kuɗi da ya karɓi albashi ranar 28 ga wata, ya kashe wayarsa, ya bar 'yan aji shida makonni kaɗan kafin jarrabawar WAEC, ba mai makarantar kaɗai ya cuta ba. Yaran ya cuta, da iyayen da suka tara kuɗin rajista da kyar. Haka ma'aikaciyar jinya da ta ɓace daga ƙaramin asibiti ba sallama. Gaskiya ne wasu masu gida na sallamar mutum a take da zarar ya buɗe baki, wasu ma su danne masa albashin ƙarshe, alhali sashen nan na 11 ya ce a biya shi kafin wa'adin ya cika ko a ranar cikarsa. Maganin wannan shi ne shiri: ya ajiye kwafin takardar da aka buga wa hatimin karɓa, ya tanadi abin cefanen wata guda. Tsoron mugun mai gida bai halatta masa guduwa da amanar mutane ba.

Shugabansa ne ya kamata ya fara ji, baki da baki, kafin abokan hira na ofis, sannan takarda ta biyo baya. Layi uku sun isa: ranar rubutawa, ranar ƙarshe a bakin aiki, da godiya. Ba wurin zazzage tsohon ɓacin rai ba ne. Makullai da kwamfuta da katin shaida a miƙa su a rubuce, bashin ofis ko na ƙungiyar adashi a daidaita shi. Kuɗin fansho kuma ba ya salwanta: a ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, asusun na ma'aikaci ne, lambarsa kawai zai kai wa sabon wurin.

Saboda haka, mai sauraro, idan kana riƙe da tayin aiki a yanzu, duba ko an rubuta, ko sharaɗi ya rage, sannan ka nemo tsohuwar yarjejeniyarka ka ƙirga kwanaki kafin ka ɗauki alƙalami.